Duba-garin Fadaman Mada da Rijiyar Modibbo

Akwai wani bawan Allah a unguwar Fadaman Mada, cikin garin Bauchi, mai suna Fakhruddeen. Idan ka shiga unguwar ka ce gidan Fakhruddeen kake nema, sai an tsaya ana kallon-kallo. Amma ka ce gidan Duba-gari, ko ƙaramin yaro zai raka ka har ƙofa.

Shi fa ba ma'aikacin duba-gari ba ne. Jami'a ya yi, ya karanci ilimin ƙananan halittu, wato ƙwayoyin cutar nan da ido ba ya gani. Kuma ya iya, kada ku ce na zo ɓata shi ne. Da sakamako mai kyau ya fito, har mahaifinsa ya yanka rago.

Abu ɗaya ya rasa a rayuwa, shi ne mai sauraronsa. Ku tsaya ku ji yadda wannan rashin ya kusa jawo wa yaran unguwa guda bala'i.

Matsalar ta faro tun yana aji biyu a jami'a. Malaminsu ya sa kowa ya dangwala yatsa a wani ɗan faranti, aka rufe aka ajiye. Da suka dawo suka leƙa ta na'urar nan mai ƙara girman abu, Fakhruddeen ya ga abin da ya tsiro daga yatsansa shi kansa. Ranar ko abincin rana bai ci ba.

Tun daga nan bai sake kallon mutum a matsayin mutum ba. Kai kana miƙa masa hannu da sallama, shi kuwa gari guda na ƙwayoyin cuta yake hangowa, da dagacinsu da masu unguwanninsu.

To, a layinsu akwai wata tsohuwar al'ada. Kullum bayan sallar magariba magidanta kan fito da kwanukan tuwonsu ƙofar gidan Modibbo a yi ciyayya. Modibbo dattijo ne Bafulatani, iyayensa suka ajiye sandar kiwo suka zauna a gari, shi kuma ya kama karantarwa. A ƙofar gidan nasa akwai rijiyar da mahaifinsa ya haƙa. Duk layin ita ake sha idan famfo ya yi yaji, shi kuwa famfo kun san halinsa.

Duk wata maganar unguwa a kan wannan tabarmar ake yanke ta, daga yashe kwata har zuwa sasanta maƙwabta. Sai dai akwai doka. Ba a buɗe magana sai an ci an sha an kau da kwanuka, kuma wanda bai sa hannu a kwano ba, ba shi da baki. Ko kai waye, sai dai ka tsaya a gefe ka ji.

Ranar da Fakhruddeen ya dawo da kwalin digirinsa, abokinsa Hammadu ya matsa masa wuri a tabarma. Tare suka tashi, shi Hammadu hatsi yake sayarwa a Kasuwar Muda Lawal.

"Fakhru, bisimilla. Zo ka ci na murna."

Fakhruddeen ya tsaya hannu a aljihu, ya dubi hannuwan da ke shiga kwano suna fita. Ya yatsina fuska.

"Hammadu, ka kuwa san abin da ke ƙarƙashin farcenka?"

Hammadu ya duba farcen da kyau ya ce, "Tuwo ne."

Aka kwashe da dariya. Shi kuwa sai ya gyara tsayuwa ya yi musu lacca har tuwo ya huce. Ya ƙare da cewa yadda suke cin nan ba shi da maraba da shan ruwa a kwata. A gaban dattawa fa, har da sa'o'in mahaifinsa. Modibbo ya ja kwano gabansa ya ci gaba da ci. Daga ranar sunan Duba-gari ya bi shi.

Ya tafi bautar ƙasa kudu ya dawo kamar sillen kara, don a kan biskit da dafaffen ruwa ya ƙare shekarar. Aiki bai samu da wuri ba, sai ya kama koyar da kimiyya a makarantar kuɗi ta wata Madam Felicia. Ba a je ko'ina ba iyaye suka cika ofishinta. Yara sun daina cin abinci a gida. Wata yarinya ta ce wa kakarta ba za ta ƙara shan kunu ba sai ta ga an tafasa ludayin.

Madam Felicia ta kira shi ta ce, "Malam, ka iya aiki, gaskiya ka iya. Amma ka je ka iya a wani wuri."

Daga nan ya koma kamfanin ruwan leda na wani Mista Olu, a matsayin mai gwada ingancin ruwa. A nan kam an yi ruwa mai kyau, ba a taɓa yin irinsa ba. Matsalar ita ce ruwan ba ya fita. Da zarar ma'aikaci ya yi atishawa, sai Fakhruddeen ya kashe inji a wanke wurin tun daga rufi har daɓe. Motoci na jira a waje, direbobi na barci a ƙarƙashinsu.

Mista Olu ya dafa kai ya ce, "Oga Fakhru, ni ruwa ina sayarwa, ba asibiti na buɗe ba. Kai zai kashe ni kafin cuta ya kashe kowa."

Suka rabu lafiya. Daga baya Allah ya taimake shi ya samu aikin gwamnati a wani ɗakin gwajin ruwa, aka ba shi farar riga da kujera da kwalabe iya son ransa. A nan ya zauna ya yi ta samun ƙarin girma, don wajen aiki ba a fi shi ba. Kwalabe kuma ba sa miƙo hannu a gaisa.

Ya yi aure. Allah ya haɗa shi da Ruƙayyatu, mace mai haƙuri da dariyar ƙasa-ƙasa. Ranar ɗaurin auren ya naɗe hannunsa cikin babbar riga, duk wanda ya zo taya shi murna sai dai ya gaisa da yadi. Dokar gidansa kuwa ita ce ba a shigo da abincin waje. Komai a dafa a gida, a rufe, a kawo masa da cokalinsa na musamman.

Shekaru suka yi ta tafiya, 'ya'ya suka zo, furfura ta fara leƙowa, hali na nan daram. Zai wuce mai tsire ya ce wa masu ci, "Ba za ku kai Juma'a ba." Su kai Juma'a, su kai ta gaba. Ya ce butocin masallaci za su ƙarar da sahu, sahu sai ƙaruwa yake. Ya yi wa mai fura, ya yi wa mai aski, har carbin liman bai tsira ba. Ita rijiyar Modibbo kuwa, kusan kowace damina sai ya yanke mata hukuncin kisa daga tsaye, ba tare da ya taɓa ɗibar ruwanta ya gwada ba.

Abin haushin shi ne, a cikin maganganun nasa akwai gaskiya da yawa. Amma yakan kawo ta da yatsinar fuska da "ku ai ba ku sani ba", sai mutane su riƙe yatsinar su bar masa gaskiyarsa.

Lokacin korona ne kaɗai ya sha sharafinsa. Aka wayi gari kowa na wanke hannu, ba mai gaisawa da wani. Wallahi a duk faɗin Bauchi ban san wanda ya kai shi walwala a wannan shekarar ba. Yana tafe yana "ai na gaya muku" ta cikin takunkumi biyu. Da abin ya lafa jama'a suka koma musabaha, shi kuma ya koma ɓacin rai.

Ana nan sai wata damina aka yi ruwa kamar da bakin ƙwarya. Wani mai gidan haya ya haƙa sabuwar salga a bayan katangar Modibbo, ruwa ya cika ta, ƙasa ta jiƙe sharkaf. A daidai lokacin kuma ɗaliban Modibbo suka sauke Alƙur'ani, aka sa walima ranar Asabar. An gayyato makarantun Islamiyya na kusa, yara ɗaruruwa za su zo. Mata sun sayi zoɓo da aya buhu-buhu, kuma da ruwan rijiyar nan za a haɗa, tunda famfo ya yi tafiyarsa.

Fakhruddeen ya ga salgar, ya ga rijiyar, ya auna tazarar da ido. A karon farko, maimakon ya yi lacca, sai ya ɗebi ruwan a kwalba ya tafi da shi ofis.

Da sakamako ya fito ya sake gwadawa, kada a ce son zuciya ne. Abu ɗaya ya sake fitowa. Ruwan salga na tsiyaya cikin rijiyar, ga ƙwayoyin da ke sa amai da gudawa nan birjik. Babba yana iya jurewa. Ƙaramin yaro kuwa, kafin a farga ruwan jikinsa ya ƙare. Fakhruddeen ya tuna yaran walima. Wannan karon tsoro ne na gaske ya kama shi, ba ƙyanƙyami ba.

Da sassafe ya dira ƙofar gidan Modibbo da farar rigarsa, yana ɗaga kwalba sama.

"A rufe rijiyar nan yau-yau. Duk wanda ya sha ruwan nan ya shiga uku."

Matan da ke jan ruwa suka dube shi, suka ci gaba da ja. Wata tsohuwa ta ce, "Duba-gari, bara ma ai ka kashe mu, ga mu nan."

Modibbo ya ɗago kai daga littafinsa ya ce, "Fakhruddeen, maganar unguwa ce?"

"Maganar rai ce, Baba."

"To ka san inda ake yin ta, ka san lokacinta."

Ya mai da kai kan karatunsa.

Fakhruddeen ya hau babur sai Muda Lawal. Ya samu Hammadu yana karɓar buhunan masarar da aka kawo masa daga Miri. Ya zayyana masa komai, ya roƙe shi ya kai maganar majalisa a madadinsa.

Hammadu ya karkaɗe hannu ya ce, "Fakhru, ni na yarda da kai, don ban taɓa ganin idonka haka ba. Amma in na ce rijiya ta lalace, za a ce wa ya faɗa. In na ce kai ne, dariya za a yi a sha fura. Mutumin da ya kira cinmu shan kwata, yau shi zai hana Modibbo rijiyar ubansa daga nesa? Ka zo ka ci tuwo kawai."

"Da hannu?"

"A'a, da shebur."

Ya yi tunanin ya kawo hukuma a garƙame rijiyar. Amma ya san kafin a bi matakai an sha zoɓo an wanke robobi. In ma an sa kwaɗo, mutanen layin da ya sani fasa shi za su yi don haushi. Hanya ɗaya ta rage, kuma ta cikin kwanon tuwo ta bi.

Ya koma gida ya yi tagumi. Ruƙayyatu tana gyaran alayyafo ta ji labarin daga farko har ƙarshe.

"To Abban Jannatu, me zai hana ka je ka ci?"

"Ruƙayya, cikina bai san abincin kowa ba sai naki. Shekara da shekaru ina kare shi. In na ci na gidan Hammadu, ai ni za a fara kaiwa asibiti."

Ta ajiye tire, ta rufe baki da gefen mayafi. Kafaɗunta suka fara rawa.

"Masar nan da kake ci kowace Juma'a kana cewa ka ga bambancin masar gida da ta waje, wa kake zaton yake yin ta?"

"Ke mana."

"Ni ko tanda ba ni da ita. Matar Hammadu ce ke yi, ta katanga ake miƙo min."

Ya zaro ido, ita kuwa ta ci gaba.

"Miyar yakuwar da ka ce in koya wa Jannatu kada ta ɓace a zuri'a, ta gidan Modibbo ce. Dambun nan kuma..."

"Dakata. Tun yaushe?"

"Tun ina amarya. Ai mu mata ba mu taɓa daina musayar kwano ba. Ni dai juyewa nake a farantinka in rufe da farin ƙyalle."

Fakhruddeen ya kama wuyan hannunsa yana sauraron bugun jini. Ya taɓa goshi. Ya nemi inda ke masa ciwo a duk jikinsa ya rasa.

Ruƙayyatu ta ce, "Ga ka nan har da tumbi. Tashi ka yi alwala, ni zan zuba maka kwanon da za ka fita da shi."

Da aka idar da sallar magariba aka shimfiɗa tabarma, sai ga Duba-gari tafe, ba farar riga, kwano a hannu ɗaya, buta da sabulu a ɗayan. Abdulsalami tela, wanda ke buɗe kwanonsa, ya daskare da murfi a hannu. Yara suka hau katanga, mata suka cika zaure suna leƙe.

Ya yi sallama, ya ajiye kwanonsa cikin kwanuka. Sai ya ga an turo robar wanke hannu wadda kowa zai tsoma a ciki, ruwan kuma na rijiya. Lacca ta taso masa har maƙogwaro. Ya haɗiye ta da ƙyar.

Ya je ya durƙusa gaban Modibbo da butarsa ta dafaffen ruwa ya ce, "Baba, bari in zuba maka."

Wane dattijo ne zai ƙi a zuba masa ruwa? Modibbo ya miƙa hannu, ya karɓi sabulun ma ya murza. Da aka ga Modibbo ya yi, kowa ya miƙo nasa. Fakhruddeen ya zagaye su ɗaya bayan ɗaya a durƙushe. Abin da ya yi shekara ashirin da ɗoriya yana ihu a kai bai samu ba, ga shi ya samu da gwiwa biyu a ƙasa, bai ce uffan ba.

Aka buɗe tuwon masara da miyar kuka. Ya naɗe hannun riga, ya yi bisimilla, ya ƙara da duk addu'ar da ya sani. Ya runtse ido ya kai hannu. Tuwo ya ƙona shi, don rabonsa da ci da hannu tun yana saurayi. Miya ta gangara har gwiwar hannunsa.

Hammadu ya tsamo tsokar nama da yatsunsa biyar ya ajiye a gabansa. "Ta baƙo ce."

Fakhruddeen ya dubi naman, ya dubi yatsun, ya tuna yaran da za su zo walima. Ya ɗauka ya cinye. Abdulsalami, don nuna kara, ya barbaɗa masa yajinsa na musamman wanda ko shi ba ya zubawa da yawa. Gumi ya karyo wa bawan Allah, hanci na zuba, bai fasa ba.

Gaskiya kuma, jama'a, tuwon ya yi daɗi. Lomar farko don yara ya yi ta, ta biyu ma haka. Waɗanda suka biyo baya kuwa, Allah kaɗai ya san don wa aka yi su. Sai da Hammadu ya ce, "Fakhru, a bar wa masu wanke kwano wani abu."

Ya sauke ajiyar zuciya yana ganin ya haye. Sai ga ƙwaryar fura an fito da ita daga gidan Modibbo, ta sha nono, ludayi ɗaya na yawo a kai. A al'adar majalisar baƙo ne ke fara sha, sannan ya miƙa wa na damansa. Sai an shanye ake buɗe magana.

Modibbo ya ce, "A ba Fakhruddeen."

Ƙwarya ta sauka a hannunsa. Ya san da wane ruwa aka dama ta. Tuwo ya ga wuta, fura kuwa ba ta gani ba. In ya sha, ya shaida da bakinsa cewa rijiya lafiya lau take. In ya ture, ya koma Duba-garin jiya, tuwon da ya ci ya tashi a banza. In kuma ya miƙa, dattawa su sha a gabansa.

Sai ya ɗora ƙwaryar a cinya ya rungume ta da hannu biyu. Bai sha ba, bai miƙa ba.

Aka jira. Hammadu, da ke damansa, ya miƙo hannu. Fakhruddeen ya ƙara rungumewa. Hammadu ya ja, shi ma ya ja. Ga magidanta biyu masu furfura suna kokawa a kan ƙwaryar fura, ludayi na rawa, yaran kan katanga kamar su faɗo don dariya.

Modibbo ya ɗaga hannu, aka yi shiru.

Fakhruddeen ya ce, "Baba, na san ba a buɗe magana ba tukuna, a gafarce ni. Na ci tuwonku, gobe ma zan ci in kun bar ni. Ba ludayin nake gudu ba, ba bakinku nake gudu ba. Ruwan da aka dama furar nan ne. Salgar bayan katanga ta shiga rijiya, na gwada na sake gwadawa. Ba zan sha ba, kuma ba zan iya miƙa wa Hammadu ba, don tare muka tashi. Don Allah kada a ba yaran nan wannan ruwan ranar Asabar."

Ba wanda ya yi dariya. Modibbo ya daɗe yana shafa gemu, sannan ya ce, "Jikata Humaira tun jiya cikinta ke gudu. Mun ce haƙori ne."

"Ba haƙori ba ne, Baba. A haɗa mata ruwan gishiri da sukari da dafaffen ruwa yanzu, a kai ta asibiti, kada a jira gobe. Ni zan kai ta."

Abdulsalami ya ce shi ma ƙaramin ɗansa haka yake. Wani daga gefe ya ce nasa ma. Ashe kowa ya yi shiru ne yana zaton a gidansa kaɗai abin yake.

Modibbo ya ce, "A zubar da furar. A rufe rijiyar a ɗora dutse a kan murfin, kada wanda ya ƙara jefa guga sai Fakhruddeen ya ce." Ya juyo ya dube shi. "Ruwan walima kuma, tunda kai ka hana, sai ka san yadda za a yi."

Washegari layin ya zama kamar ana biki tun kafin biki. Hammadu ya bar rumfarsa ya tattaro 'yan garuwa, suka yi ta jigilar ruwa daga rijiyar burtsatse. Mata suka hura wuta, duk ruwan zoɓo da na kunun aya sai da ya tafasa. Fakhruddeen na tsakiyarsu yana nuna musu yadda ake auna maganin tsaftace ruwa a randa. Tsohuwar nan ta bakin rijiya ta sa shi tace aya, ya tace, har tana masa faɗa wai duk karatunsa bai iya matsa ba. Mai gidan haya kuwa, da ya ga majalisa guda a ƙofarsa, da kansa ya ɗauko shebur ya fara cike salgar.

Aka yi walima. Yara suka cika layi, suka sha zoɓo har leɓunansu suka yi ja, ba wanda ya koma gida da ciwon ciki. Humaira da sauran yaran sun dawo daga asibiti suna guje-guje tsakanin tabarmi. Mutum ɗaya ne a layin ya yi ta zirga-zirgar bayi a wannan makon, shi ne Fakhruddeen. Shi ma ya gwada ya tabbatar yajin Abdulsalami ne.

Bayan an watse, aka zauna ciyayya kamar kullum, Fakhruddeen na gefen Hammadu. Ranar Modibbo da kansa ya karya doka, tun kafin a fara ci ya dubi Fakhruddeen ya buɗe magana.

"Mu da muke zaton kai ka yi asara da ka raina tuwonmu. Ashe mu ma an yi mana. Shekara ashirin da ɗoriya muna da masanin ruwa a layin nan, amma kowace damina sai mun ɗauki yara zuwa asibiti. Kai ka tsaya a gefe don girman kai, mu muka toshe kunne don haushi. Wasu yaran mun dawo da su suna wasa. Wasu kuma zanin goyonsu kawai muka dawo da shi."

Hammadu ya sunkuyar da kai. Ɗansa na fari yana cikin waɗanda ba su dawo ba. Fakhruddeen ya sani, don ya je gaisuwa a lokacin, ya tsaya daga nesa hannu a aljihu.

Baƙin ciki ya cika masa ƙirji, ya yi kuka a gaban kowa, miyar ranar kuwa ba yaji a cikinta. Hammadu ya share ido da hannun riga, ya matso da kwano gabansa.

"Ci, Fakhru. Zai huce."

Darasi: Ilimi amana ne da aka ba ka don ka amfani mutane, ba don ka tsaya a gefe kana yi musu kallon ƙazamai ba. Komai gaskiyarka, wanda ka raina ba zai karɓe ta daga bakinka ba, don haka ka sauko ka zauna da mutanenka tun kafin ranar da za ka buƙaci su ji ka. Mu kuma kada haushin mai magana ya sa mu jefar da gaskiyar da ya kawo, don yaranmu ne ke shan wahalar taurin kanmu. In kana da wani Duba-gari a danginku ko a layinku, ka tura masa wannan labarin, ka tura wa 'yan majalisarku ma, kowa ya ɗauki nasa.